Tuna baya: Alhaji Mamman Shata, ɗan tallan goron Musawa da ya mai da hanya gidansa

Yau a filinmu na tuna baya za mu tsallaka iyaka mu nufi ƙasar Katsina, don mu kawo muku tarihin mutumin da ko yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya san muryarsa, wato Alhaji Mamman Shata. Nan Sanam da sauran ƙasar Kurfai, daga Abala har Filinge, da wuya a yi zaman shayi ko a shiga motar kasuwa a yi tafiya mai nisa ba a ji kalangunsa ba. Amma in ka tambayi mutum daga ina Shata ya taso, ko me ya raba waƙarsa da ta su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, yawanci sai a ce maka ai Bakatsine ne, shi ke nan. To, labarin ya fi haka.

An haifi Muhammadu a shekarar 1923 a Musawa, garin manoma da ke kudu da birnin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafillace ne, mahaifiyarsa Lariya kuwa daga Tofa ta ƙasar Kano ta fito. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kun san yadda abin yake ko a nan wajenmu: ganga gado ce, ɗan makaɗi shi ke ɗaukarta. Wanda bai gada ba in ya buɗe baki ya yi waƙa a ba shi kuɗi, sai a ce ya shiga roƙo, ya zubar da mutuncin gidansu. Haka mahaifin Shata ya ɗauki abin, bai so ba ko kaɗan. Ya sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, da ya tasa kuma ya shiga tallan goro, daga baya ya koma tallan alewa. A wannan lokaci ne wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Shata, sunan da ya zo ya danne na yanka.

In an ci tuwon dare, samari da ƴanmatan Musawa kan taru a dandali ana kiɗan asauwara. Nan ya fara, ba don kuɗi ba, don nishaɗi da gasa tsakanin samari. Sannu a hankali sai ya zama in ya karɓi waƙa sauran sun yi shiru. Daga nan ƙauyukan da ke kewaye suka fara aiko masa, tallan alewa ya sha ruwa.

Wanda ya fara fitar da shi daga Musawa wani ɗan sarautar garin ne, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a Bakori, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce masa ya taso ya dawo can. A nan muna son mu ɗan tsaya, don duk rayuwar Shata a kan wannan take. A wancan zamani kuɗi ba ya shiga hannun talaka sai da kaka, in an kai auduga da gyaɗa ma'auna. Lokacin ne ake aure, ake suna, ake ɗinka sabuwar riga, lokacin ne kuma mutum ke iya zaro wani abu ya miƙa wa makaɗi. Mawaƙin da ke son ya ci abinci da bakinsa dole ya bi sawun kuɗin nan gari gari. Dattawanmu da suka yi cin rani sun san wannan lissafi sarai: in an gama girbin hatsi, sai a ɗaura ƙunshi a nufi inda ake samu. Bambancin kawai, su da ƙarfinsu suke biɗa, shi da muryarsa.

Daga Bakori ya riƙa zagaya Katsina da Kano da ƴan kiɗansa. A 1952 aka yi wani babban biki a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ake kira Bikin Ƴan Sarki, inda aka aurar da ƴaƴan gidan sarauta goma sha biyu a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga ranar sunansa ya shiga bakin manya. A 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka samu ƴancin kai, ya tare a Funtuwa, garin auduga da ke kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙaura Namoda. Nan ya zauna kusan shekara 40, yana noma, yana fita yawon kiɗa, yana dawowa. Ko da ya mallaki gida a Kano, bai zama ɗan birni ba, a magana ko a ɗabi'a.

Yanzu bari mu zo ga waƙar kanta. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo na ƙasar Maradun, da kotso ko taushi ake saninsu, kuma waƙarsu shiryayya ce. A zauna a gida a tsara ta, ƴan amshi su haddace, in jagora ya ɗauko ɗa su karɓe su ƙarasa masa. Shata kuwa kalangu ya riƙe, gangar mahauta da ƴan dandali, wadda ake matse tsarkiyarta a hammata ta yi magana kamar bakin mutum. Ƴan amshinsa layi ɗaya tak suke riƙewa, su yi ta maimaita shi daga farko har ƙarshe. Duk sauran aikin a kansa yake, kuma a tsaye yake ƙirƙirarsa, a gaban jama'a. Shi ya sa in kun saurari waƙarsa ɗaya a kaset biyu daban za ku ji amshi ɗaya ne amma ƴaƴan sun sake. Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, haka ya yi ta ƙara mata yana ragewa tsawon rayuwarsa.

Wannan salo shi ya dace da mai yawo. Mutumin da yau yana Gusau gobe yana Jos ba shi da lokacin da zai zauna ya yi sati yana shirya waƙa. Ya sauka gari da la'asar, mai masauki ya tarbe shi, ya ji wane ne wane, ɗan wa ne, me ya mallaka, wa ke gaba da shi. Da dare in an kafa fili, sai ka ji duk abin nan ya fito cikin waƙa kamar ya shekara a garin. Sanƙira na gefe yana shelar abin da aka bayar, riga ce, doki ne, kuɗi ne, daga baya har mota. Wanda ya ji an ambaci kyautar abokin hamayyarsa, ai ba ya zama.

Abin da ya fi burge mu a tarihinsa shi ne bai yarda ya zama makaɗin mutum ɗaya ba. Makaɗin fada yana da ubangida, yana da gida da gona da abinci, amma bakinsa ba nasa ba ne, ba zai tafi wani gari ya yi wa wani sarki waƙa ba sai da izini. Shata ya yi wa sarakuna waƙa, ƙwarai kuwa, kuma amincinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar sananne ne. Amma da bakin nan dai ya waƙe direbobi, da ƴan kasuwa, da dogarai, da manoma, da mata masu zaman kansu, da sojoji lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Ya yi wa dabbobi da tsuntsaye waƙa. Da Amurkawa suka sauka kan wata a Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apolo 11 waƙa, har manomin da bai taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba ya samu labarin da harshensa. Ƴanci ne, amma mai tsada: wanda ba shi da fada ba shi da albashi, in ya daina tafiya tukunya ta daina tafasa, tasa da ta duk ƴan kiɗan da ke bayansa da iyalansu.

Tafiyar kuwa ta yi nisa. Ya ratsa arewacin Najeriya lungu lungu, ya sha tsallakowa nan Nijar, ya je zangunan Hausawa na Gana, inda ƴan goro da ƴan cin rani ke ƙishin jin harshen gida. Ya sauke farali a Makka. Daga baya kiɗa ya kai shi Ingila da Amurka. Amma inda ƙafarsa ba ta taka ba, na'ura ta kai shi. An fara da faifan garmaho. Sannan a 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda ake kamawa a gajeren zango har cikin ƙauyukanmu, in dai akwai pil. Sai kaset ya zo. Duk wanda ya tashi a Kurfai ya san tsarabar ɗan cin rani in ya dawo gab da damina: turmin atamfa, sabulu, ƴar rakoda, da kaset ɗin Shata a cikin jaka. Ta haka ya shiga gidajenmu, ya zauna tare da namu na gida irin su Ɗan Gurmu na Tawa, ba wanda ya tambaye shi takarda.

In muka dubi hanyoyin nan yau, abin akwai ban tausayi. Musawa da Bakori da Funtuwa duk suna cikin yankin da ƴan bindiga suka addaba. Mu ma nan jahar Tillaberi mun san abin da dokar ta-ɓaci da tsoron dare suka yi wa bukukuwa da kasuwanni. Sana'a irin ta Shata tana buƙatar abu biyu, hanya a buɗe da fili da dare. Yaro mai baiwa irin tasa da zai taso yanzu a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, a ina zai gwada muryarsa?

Ba za mu ɓoye muku ɗaya ɓangaren ba, don tarihi ba kirari ba ne. Shata mutum ne mai zafin baki. Kamar yadda ake neman yabonsa haka ake tsoron zambonsa, kuma wanda ya faɗa bakinsa, abin kan bi shi har jikoki, tunda kaset ba ya mantuwa. A ganinmu ba duk wanda ya sha zambon nan ne ya cancanta ba, wani laifinsa kawai rowa ko saɓani na ƙashin kai. Ya yi sa-in-sa da wasu mawaƙan zamaninsa. Sannan ga waƙarsa ta shan giya, wadda malamai suka yi tir da ita, har yau kuma akwai gidajen da ba a sa ta. Shi ɗin dai ne ya yi waƙar yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wadda tsofaffi ke ji su yi shiru. Masu son su wanke shi tas da masu son su jefar da shi gaba ɗaya, kowa ya ɗauki rabin mutumin ne.

Ya taɓa siyasa. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya shiga jam'iyyar GNPP a jamhuriya ta biyu kafin ya koma NPN, daga baya ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, aka kuma tsige shi bayan ya yi karo da manyan jam'iyyar. Mutumin da bai iya riƙe ubangida ɗaya a waƙa ba, da ma da wuya ya iya a siyasa.

Girmamawa ta zo masa tun yana raye. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar MON, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988, shi ya sa kuke ji ana cewa Dakta Mamman Shata. Ku duba fa, yaron da mahaifinsa ke jin kunyar a ce ɗansa maroƙi ne, wanda bai taɓa zama ajin boko ba.

Waƙoƙinsa nawa ne? Shi kansa bai san adadinsu ba. Bai rubuta su ba, da yawa kuma an yi su ne dare ɗaya a wani ƙauye inda babu na'urar ɗauka, suka tafi da waɗanda suka ji su. Abin da ya rage yana warwatse a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da akwatunan mutane, kaset na cin ƙura, zafi na narkar da shi. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku sun yi ƙoƙari, suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006. Saboda haka wanda ke da tsohon kaset a gida, nasa ne ko na wani mawaƙin ƙasarmu, kada ya bari yara su warware zaren. A kawo a juye shi a waya ko a kwamfuta tun yana magana.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi ya dawo gida, sannan jikin ya sake tashi aka kwantar da shi a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Nan Allah ya karɓi ransa ranar Juma'a 18 ga watan Yuni 1999, yana da shekara 76. Ba a Musawa aka rufe shi ba, ba kuma a Funtuwa ba. Daura aka kai shi, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya tsaya a kan jana'izar da kansa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.