TARIHIN TENZING NORGAY, ƊAN DAKON DA YA TAKA KAN DUTSEN EBEREST

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau, ba makawa ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Kwatarkwashi. Mutanen wannan gari na ƙasar Bunguɗu sun shahara da bikin kamun maiki, inda a da samari kan hau dutsen don nuna jarunta. Ashe sha'awar hawan dutse ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani talaka da hawan dutse ya fito da shi duniya ta san shi, wato Tenzing Norgay.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Tenzing a wajajen shekarar 1914 cikin duwatsun Himalaya, ya kuma taso a yankin Khumbu na ƙasar Nefal, tsakanin al'ummar Sherpa. Iyayensa talakawa ne, shi ne kuma na 11 cikin 'ya'ya 13. Aikinsa na ƙuruciya shi ne kiwon wasu shanu masu yawan gashi da ake kira yak. Bai koyi karatu da rubutu ba, amma ya iya harsuna da dama.

Yana ɗan shekara 19 ya yi ƙaura zuwa Dajilin ta ƙasar Indiya, domin a can ne Turawa masu hawan dutse ke ɗaukar 'yan dako. A 1935 wani Bature, Eric Shipton, ya ɗauke shi cikin ayarin da ya je binciken Dutsen Eberest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya. Awon da aka bayyana a 2020 ya nuna tsawonsa mita 8,849 ne.

Gwagwarmayarsa da Dutsen

Hawan irin wannan dutse ba wasan yara ba ne. Gwargwadon nisan da mutum ya yi sama, gwargwadon ƙarancin iskar da zai shaƙa, har tafiyar taku goma ta zama aiki. Ga dusar ƙanƙara da ramuka masu zurfi, ga sanyin da ke kashe yatsu. A nan ne George Mallory da Andrew Irvine suka ɓata a 1924.

Tenzing ya sake bin Ingilishi a 1936 da 1938, ya kuma bi Earl Denman a 1947, duk ba a kai gaci ba. A 1952 ya bi mutanen Suwizalan har sau biyu. A tafiyar farko shi da Raymond Lambert suka kai kusan mita 8,600, inda ba wanda aka san ya taɓa kaiwa, sa'an nan gajiya ta mayar da su. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Zuwa wannan lokaci ɗan dako ya zama madugun 'yan dako, ya kuma zama mahayi da kansa.

Ranar Nasara

A 1953 Kanar John Hunt ya jagoranci ayarin Ingila, tare da 'yan dako fiye da 300. Wannan ce tafiyar Tenzing ta bakwai. Cikin ayarin akwai Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga Niyuzilan. Wata rana Hillary ya zurma ramin ƙanƙara, Tenzing ya riƙe igiyar da ta haɗa su ya tsirar da shi. Wannan ya ƙara amincin da ke tsakaninsu.

A ranar 26 ga Mayu mutum biyu na farko da aka tura suka juyo, saura kaɗan su isa. Sai aka tura Tenzing da Hillary, ɗauke da tukwanen iskar shaƙa a bayansu. Da ƙarfe 11:30 na safiyar 29 ga Mayu, 1953, suka taka ƙololuwar dutsen. Kimanin minti 15 suka yi a can. Hillary ya ɗauki hoton Tenzing yana ɗaga gatarinsa, wanda aka ɗaura wa tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila da Nefal da Indiya.

Bayan Nasara

Labarin ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar naɗin Sarauniya Elizabet ta Biyu. Nan take gardama ta tashi a kan wanda ya riga taka saman, Indiya da Nefal kuma kowace na cewa Tenzing nata ne. An ba Hunt da Hillary sarautar Sa, shi kuwa Tenzing aka ba shi lambar George, abin da mutane da yawa suka ɗauka rashin adalci ne ga wanda ya fi kowa daɗewa yana fama da dutsen. Duk da haka, a littafin tarihinsa da aka rubuta daga bakinsa a 1955, ya bayyana cewa Hillary ne ya riga shi sa ƙafa. Bai karɓi yabon da ba nasa ba, ko da yake jama'arsa sun so ya karɓa.

Daga 1954 ya zama shugaban horarwa a Cibiyar Koyon Hawan Duwatsun Himalaya da ke Dajilin. Ya rasu a garin ranar 9 ga Mayu, 1986. Ɗansa Jamling ya hau Eberest a 1996. A 2008 aka sa wa filin jirgin saman Lukla sunan Tenzing da Hillary, Nefal kuma ta keɓe 29 ga Mayu don tunawa da wannan nasara.

Kammalawa

Kafin Tenzing, 'yan dakon Himalaya da dama sun ɗauki kaya sun kafa sansani, wasu sun mutu a kan dutse, amma suna ya tafi ga masu ayari. Tarihinsa ya tsira ne saboda an rubuta shi tun yana raye. Wannan izina ce ga ɗaliban Hausa. Labarin gwanayen hawan Dutsen Kwatarkwashi da kirarinsu da dabarunsu, abubuwa ne da ya kamata a karɓa daga bakin dattawa a adana tun ana iya samunsu.