Enrico Fermi, mutumin da ya fara kunna wutar uraniyom

Yau za mu waiwayi rayuwar Enrico Fermi, masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a birnin Roma a 1901, mahaifinsa ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa, mahaifiyarsa malamar makaranta. Da wansa ya rasu a 1915, sai yaron ya duƙufa a kan tsofaffin littattafan kimiyya da yake saye a kasuwa.

A 1938 ya samu kyautar Nobel. Matarsa Laura Bayahudiya ce, gwamnatin Mussolini kuwa ta kafa dokokin wariya. Da ya je Suwidin karɓar kyautar, bai koma gida ba, ya zarce Amurka da iyalinsa.

Babban aikinsa ya zo ran 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin wani filin wasa na jami'ar Shikago. Shi da abokan aikinsa suka jera tubalan girafit, wato baƙin abin nan na cikin fensir, suka cusa uraniyom a tsakani. Suka zura sanduna masu danne wutar. In an zaro sanda, ƙwayoyin uraniyom su riƙa fashewa suna tada junansu, zafi ya fito. In an mayar, abin ya lafa. Ƙarfin da aka samu ranar ko ƙwan fitila ba zai kunna ba, amma an tabbatar wutar tana jin linzami.

Sai dai lokacin yaƙi ne. Fermi yana cikin waɗanda suka ƙera bam ɗin da aka jefa wa Japan a 1945, ba za mu ɓoye wannan ba. A 1949 ya ƙi goyon bayan ƙera wanda ya fi shi muni.

Ya rasu a 1954 da ciwon daji, yana da shekara 53. A shekarar ne tashar nukiliya ta farko ta fara bai wa gari lantarki, a Tarayyar Sobiyet. Irin waɗannan tashoshi dare da rana suke aiki, ba hayaƙin da ke ɗumama duniya, ko da yake gininsu akwai tsada, kuma shararsu sai an killace ta shekaru aru-aru. Faransa daga nan take samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta. Uraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya daɗe yana ciyar da tashoshinta, alhali ƙauyukanmu da yawa har yau da tocila ake kwana.