Yohanna Amos Komeniyus: Bishof Ɗan Gudun Hijira na Garin Leshno

A yammacin ƙasar Folan, kudu da birnin Poznan, akwai wani gari mai suna Leshno. An fara ambaton sunansa a rubuce a shekara ta 1393, yana ɗan ƙauye, sai a 1547 Sarki Sigismund na Ɗaya ya ɗaukaka shi ya zama gari. Abin da ya sa sunansa ya shiga tarihin Ikkilisiya shi ne karɓar baƙi. Daga 1548 waɗansu masu bi da aka kora daga ƙasar Bohemiya suka fara kwararowa Folan. Ana kiransu 'Yan'uwan Bohemiya, jama'ar da ta kafu a 1457 daga cikin mabiyan Yan Hus, wanda aka ƙone da wuta a 1415. Iyalin Leshchinski, masu mallakar garin, suka buɗe musu ƙofa, har aka kafa makaranta a 1555. A wannan makaranta ce mutumin da za mu duba rayuwarsa ya yi aikin da duniya take tunawa da shi.

An haifi Yohanna Amos Komeniyus ran 28 ga Maris, 1592, a Morabiya, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Cek. Yana da kamar shekara 12 ya zama maraya, ba uwa ba uba. Bai shiga makarantar Latin ba sai da ya kai 16, saboda haka ya ga wahalar karatun zamanin da idon wanda ya fara hankali: hadda ba fahimta, ga bulala. Ya ci gaba da karatu a Herborn da Heidelberg a Jamus, aka keɓe shi domin aikin fasto a 1616. Bayan shekara biyu aka ba shi ikkilisiya da makaranta a garin Fulnek.

A wannan shekara ta 1618 Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke. Da aka ci Furotestan na Bohemiya a 1620, sojoji suka washe Fulnek, fastoci suka shiga ɓuya. A 1622 annoba ta ɗauke matarsa Magdalena da 'ya'yansu biyu. Cikin wannan baƙin ciki ya rubuta littafin da ya kwatanta duniya da wuri mai ruɗaɗɗun hanyoyi, ya nuna cewa hutawa tana cikin zuciyar da Kristi yake zaune. A 1627 doka ta fito cewa wanda ba zai shiga ɗarikar Katolika ba ya bar ƙasar. Da farkon 1628, cikin tsananin sanyi, Komeniyus da waɗansu iyalai suka haye duwatsu suka nufi Leshno. Bai sāke zama a ƙasar haihuwarsa ba.

Lokacin nan Leshno yana bunƙasa da 'yan gudun hijira. Masaƙa 'yan Lutheran daga Silesiya sun kawo sana'ar tufafi, an kuma kafa wuraren buga littattafai. Komeniyus ya koyar a makarantar garin, daga baya ya shugabance ta, a 1632 kuma aka zaɓe shi bishof. A 1631 ya buga littafin koyon Latin wanda ya ɗora kalmomi a kan abubuwan da yaro yake gani kullum. Nan da nan aka juya shi zuwa harsuna da yawa.

Koyarwarsa ta tsaya a kan gaskiya guda: tun da Allah ya halicci kowane mutum cikin kamanninsa, ilimi hakkin kowa ne, mace da namiji, ɗan talaka da ɗan sarki. Ya raba shekarun karatu kashi huɗu, kowanne shekara 6. Na fari a gida ne, na biyu makarantar da ake koyarwa da harshen uwa, na uku makarantar Latin, na huɗu jami'a. Domin kashi na fari ya rubuta wa iyaye mata littafi, wanda aka buga da Jamusanci a Leshno a 1633. A ciki ya nuna cewa cinyar uwa ce makarantar farko, inda yaro yake koyon addu'a, gaskiya, tsabta da sunayen abubuwa ta wurin wasa da misali.

Sunansa ya kai nesa. An gayyace shi Ingila a 1641, ya kuma yi wa gwamnatin Suwidin aikin littattafan makaranta daga 1642, yana sa zuciya cewa za ta taimaki jama'arsa su koma gida. Amma sulhun Westfaliya na 1648 bai ko kula da 'Yan'uwan ba. A shekarar ya koma Leshno, matarsa ta biyu ta rasu, aka kuma ɗora masa shugabancin ikkilisiyar da take watse.

Akwai inda ya yi tuntuɓe, bai kuwa kamata a ɓoye ba. Da Suwidin ta mamaye Folan a 1655, Komeniyus ya rubuta yabon sarkinta, Karl Gustab, da begen samun 'yancin sujada, garin kuma ya karɓi sojojin Suwidin. Mutanen ƙasar suka ɗauki wannan a matsayin cin amana. A watan Afrilu na 1656 mayaƙan Folan suka ƙone Leshno ƙurmus. Gidansa da littattafansa suka tafi, har da ƙamus na harshen Cek da Latin wanda ya yi sama da shekara 40 yana tarawa. Makiyayin da ya jingina begen garkensa ga takobin sarki ya ga inda abin ya kai.

Yana da shekara 64 ya sāke zama ɗan gudun hijira, ya sauka a Amsterdam ta ƙasar Holan. Bai ajiye alƙalami ba. A 1657 ya buga tarin rubuce-rubucensa kan koyarwa, a 1658 kuma littafinsa na yara mai hotuna ya fito a Nuremberg, ɗaya daga cikin na farko irinsa. Ya yi ta tara gudummawa domin 'yan'uwan da suka warwatse. Ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1670, aka binne shi a Naarden.

Leshno ya tashi daga toka, ya sāke shan wuta a hannun sojojin Rasha a 1707, annoba ta biyo baya a 1709. A 1793 ya faɗa hannun Furusiya, ana kiransa Lissa, sai a 1920 ya koma Folan. Yau mutum-mutumin Komeniyus yana tsaye a garin.

Ikkilisiyar da ya yi zaton tana bakin mutuwa ma ba ta mutu ba. Jikansa, Daniyel Ernst Yablonski, wanda shi ma ya shugabanci makarantar Leshno, ya zama bishof. A 1735 ya ɗibiya wa Dauda Nitschmann hannu ya zama bishof na fari na Ikkilisiyar Morabiya da ta farfaɗo a Herrnhut, wadda tun 1732 ta soma aika masu bishara ƙetaren teku.

Iyaye, wuta ta cinye gidan wannan bawan Allah da takardunsa, amma abin da ya shuka a zukatan 'ya'ya da jikoki ya tsira. Shekaru shida na fari na yaranmu suna hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar yin aiki da su.