MARIGAYI MALAM AMINU KANO, MALAMIN DA YA KOYA WA IYAYE RIƘON MAKARANTA

Idan aka ambaci sunan Malam Aminu Kano, abin da kan fara zuwa zukatan jama'a shi ne siyasa, watau NEPU da PRP da fafutukar ƙwato haƙƙin talakawa. Amma kafin ya hau dandalin lacca, Malam ya fara da riƙon alli ne, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai bar batun makaranta ba. Babban abin da ya yi ta nuna wa jama'a shi ne cewa makaranta tasu ce, kuma idan baitulmali ya gaza, bai kamata iyaye su naɗe hannu suna kallo ba.

An haifi Malam Aminu a cikin shekarar 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa kuwa, Malama Rakiya, ita ma mai ilmi ce, kuma a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani. Watau tun yana yaro ya ga yadda uwa kan zama malamar farko. Daga nan ya shiga makarantar Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan ya shiga babbar kwalejin Jihar Arewa, wadda aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna a 1938. Ita ce daga baya aka mayar Zariya, aka san ta da sunan Barewa. A Kaduna ya kammala karatunsa a 1942.

Aikinsa na farko shi ne koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Su da waɗansu 'yan boko suka riƙa yin taron tattaunawa a kan al'amuran ƙasa, har da halin da ilmi ke ciki. A wancan zamani makarantun Elementare na hannun En'e, ba su da yawa, kuma abin da ake keɓe musu daga kuɗin haraji kaɗan ne. Talaka kuwa yana yi wa makarantar boko kallon kayan sarki da Bature, har wani kan ɓoye ɗansa idan aka zo ɗibar yara. Malam ya lura cewa muddin uba bai ɗauki makaranta a matsayin abinsa ba, to, ba zai kai ɗansa da daɗin rai ba, balle ya sa kwabonsa a ciki.

A 1946 aka tura shi Ingila, ya yi kwas na aikin malanta a Jami'ar London. Bayan komowarsa ya tsaya tsayin daka aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Daga baya aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na lokacin. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953.

Barin aikin gwamnati bai raba shi da koyarwa ba. A farkon shekarun 1950 ya jagoranci buɗe makarantar Islamiyya a Kano, inda ake koyar da Alƙur'ani da Larabci da sauran darussan addini bisa tsarin aji da allo na bango, tare da lissafi da karatun boko. Makarantar ba ta En'e ba ce, don haka ba ta da rabo a baitulmali. Iyayen yara da magoya baya su ne suka ɗauki nauyinta, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Da yake makarantar ta 'yan hamayya ce, ta sha tsangwama ƙwarai daga masu ganin ta a matsayin reshen siyasa. Duk da haka tsarin ya bazu zuwa waɗansu garuruwan Arewa, kuma a yau da wuya a sami unguwar Musulmi da ba ta da Islamiyya wadda mutanen unguwa ke riƙe da ita da kansu.

Misali na biyu ya zo ne bayan rikicin 1966. Akawuna da masu buga tafireta da dama 'yan Jihar Gabas sun koma gida, ofisoshi da kamfanonin Kano suka rasa ma'aikata. Maimakon a tsaya jiran gwamnatin da yaƙin basasa ya sha wa kai, sai manyan gari da attajirai, tare da Malam Aminu, suka haɗa gwiwa aka tara kuɗi, aka kafa kwalejin kasuwanci ta jama'ar Kano a 1967, domin koya wa yara buga tafireta da lissafin kuɗi da aikin ofis. Wannan kwaleji ce daga baya aka sa wa sunansa. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka daɗe suna adawa da juna a siyasa sun zauna a tabarma ɗaya saboda makaranta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai Malam bai taɓa ɗaukar gudummawar iyaye a matsayin abin da zai sauke wa hukuma nauyinta ba. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya kuma riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa, daga baya na Lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, kuma a ko'ina ya tsaya a kan cewa ilmi haƙƙi ne na ɗan talaka, namiji da mace. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yaran da suka fito sun zarce adadin da aka yi shiri dominsa, azuzuwa da malamai suka yi ƙaranci, har a wurare da yawa sai da iyaye suka sa hannu wajen gini da samar da kujeru. Bayan zaɓen 1979, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a cikinsa, gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiya ba, abin da ya sa jama'a ba su taɓa jin shakkar damƙa masa kuɗin taimako ba. Gidan nasa, wanda aka sani da Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

A Kaduna, garin da ya yi karatu, darasin rayuwarsa bai tsufa ba. A unguwanni irin su Rafin Guza da Kawo da Unguwar Dosa, makarantar firamare ta gwamnati ce, amma idan iskar farkon damina ta kware rufin aji, ƙungiyar iyaye da malamai ce ta fi kusa da ɓarnar. Kafinta na iya ba da aikin yini guda, magini ya ba da nasa, ma'aikacin ofis ya riƙe littafin kuɗi, ɗalibin kwaleji ya koyar da ƙannensa lokacin hutu. Sharaɗi dai shi ne a bayyana wa kowa abin da aka tara da inda aka kashe shi, kada a kori ɗan wanda bai iya biya ba, domin gudummawar da aka tilasta ta zama haraji, irin wanda Malam ya yi shekaru yana yaƙa. Kuma bayan an gyara rufi, a ci gaba da tuna wa hukumar ilmi haƙƙin da ke wuyanta.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, Ya gafarta masa, amin.