MALAM JIBRILU ƊAN UMARU: MALAMIN DA HANYARSA TA BAMBANTA DA TA ALMAJIRANSA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah da ke kwance cikin ƙasarmu, kusa da garin Madawa, wato Malam Jibrilu ɗan Umaru, Allah Ya jiƙansa. Da yawa daga cikinmu mun san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun muna yara, amma kaɗan ne suka san malamin da Shehu ya durƙusa gabansa.

Malam Jibrilu ya rayu a ƙarni na 12 na Hijira, wato ƙarni na 18 na Miladiyya. Ya yi karatu da karantarwa tsakanin Agadas da Adar da ƙasar Gobir, a zamanin da mutane suka karɓi Musulunci amma suna cakuɗa shi da al'adun da shari'a ba ta yarda da su ba. Shi kuwa mutum ne mai zafin kishin addini, ba ya ganin ɓarna ya yi shiru, ko a gaban wa yake. Saboda haka ya sha tsangwama daga masu mulki, kuma gyaran da ya yi ƙoƙarin kawowa bai kai inda yake so ba a zamanin rayuwarsa.

Allah Ya buɗa masa ƙofar tafiya neman ilimi. Sau 2 ya sauke farali, a lokacin da tafiya Makka take cin shekaru, bisa raƙumi da ƙafa, cikin ƙishirwar hamada da tsoron 'yan fashi. A birnin Alƙahira na ƙasar Masar ya sadu da babban malami Muhammadu Murtala Zabidi, mai ƙamusun nan Tajul Arusi, wanda ya rasu a 1791, ya kuma karɓi ijaza daga gare shi. Ta wannan hanya isnadin malaman gabas ya iso ƙasar Hausa, ya shiga hannun almajiransa.

Mafi shahara cikin waɗannan almajirai shi ne Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754. Shehu ya lizimci Malam Jibrilu kimanin shekara guda, har ya bi shi Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, ran Shehu ya so binsa ƙwarai, sai dai mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, bai ba shi izini ba. Shehu ya haƙura, ya juyo gida. Mu dubi wannan wuri da kyau, jama'a. Saurayi ne mai ƙarfi, ga malaminsa zai tafi ɗakin Allah, ga ayari a shirye, amma ya fifita biyayyar mahaifi bisa abin da ransa ke so. Har ya koma ga Mahaliccinsa a Sakkwato cikin 1817 Shehu bai taka ƙasar Makka ba. To amma komawar nan da ya yi ita ce ta zaunar da shi yana wa'azi a Degel da Zamfara da Kabi, har jama'a ta taru, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Gyaran da malamin ya nema bai gani ba, Allah Ya cika shi ta hannun almajirin da ya koma gida.

Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, shi ma ya sha daga wannan kogi, kuma ya ambaci Malam Jibrilu cikin jerin malamansa a littafinsa Ida'un Nusukhi. Shi kuma tasa hanya daban ce. Ana tsakiyar jihadi ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu, sai ransa ya ɓaci, ya nufi gabas da niyyar kaiwa Makka da Madina. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Ya zauna, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga bisani ya koma wurin ɗan'uwansa. Ga mutum uku, dukkansu ransu na Makka: ɗaya ya je sau 2, ɗaya haƙƙin mahaifi ya tsayar da shi, ɗaya kuma buƙatar jama'a ta mayar da shi. Wane ne cikinmu zai ce wani daga cikinsu ya yi asara?

Akwai kuma wani darasi da ya fi wannan nauyi. Saboda tsananin baƙin cikin ɓarnar da yake gani, Malam Jibrilu ya kai ga kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, kamar cin dukiyar maraya da auren mata fiye da 4. Shehu bai bi shi a kan wannan ba. Ya bayyana cikin littattafansa, irin su Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Shifa'ul Galili, cewa a wurin Ahlus Sunna saɓo ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci matuƙar bai halatta shi ba. Duk da haka bai ci mutuncin malaminsa ba. Ya nema masa uzuri da cewa kishin al'umma ne ya kai shi, ya ci gaba da yabonsa, yana jingina alherin da ya samu gare shi. Gaskiya ba ta hana shi ladabi ba, ladabi kuma bai sa ya ɓoye gaskiya ba.

Malam Jibrilu ya rasu kafin a ɗaga tutar jihadi, bai ga Sakkwato ba, bai riƙe sarauta ba. Amma duk ɗalibin da ke karanta littattafan Shehu da Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a zaurukanmu, muna kyautata zato ga Allah cewa ladarsa na isa ga wannan kabari.

Ya ku 'yan'uwa, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cikin Suratul Laili cewa ayyukan mutane mabambanta ne. A Madawa da Buza da Keita muna ganin haka kullum. Wani ya tafi cirani Abijan ko Libiya, wani ya zauna yana noman albasa a fadama yana kula da tsofaffinsa. Wani Allah Ya kira shi Makka, wani har ya tsufa bai wuce Tawa ba. Wani makarantar allo ya yi, wani ta boko. Kada wanda ya tafi ya raina wanda ya zauna, kada wanda ya zauna ya yi hasadar wanda ya tafi. Abin da za a tambayi kowa shi ne ko ya ji tsoron Allah a kan hanyar da aka ɗora shi, ya ci halal, ya tsai da salla, ya sauke haƙƙin iyaye da iyali. Idan kuma saɓanin fahimta ya shiga tsakaninmu a masallatai, mu tuna da Shehu da malaminsa, mu kame harsunanmu daga kafirta masu salla.

Allah Ya gafarta wa Malam Jibrilu ɗan Umaru, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba mu albarkar ilimin magabata, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.