Lord Shaftesbury: Mutumin da Ya Sa Aka Leƙa Inda Yara Ke Wahala

An haifi Anthony Ashley Cooper, wanda duniya ta fi sani da Lord Shaftesbury, a birnin Landan ranar 28 ga Afrilu, 1801. Ɗan sarauta ne, ya tashi cikin dukiya, amma bai sami ƙaunar iyaye ba. Wata mai hidima a gidansu, Maria Millis, ita ce ta rene shi, ta koya masa addu'a da labaran Littafi Mai Tsarki. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, inda ya sha cin zali da sakaci, ba kuwa wanda ya zo ya ga halin da yake ciki.

Ya shiga majalisar dokokin Ingila a 1826. A wancan zamani masaƙun ƙasar cike suke da ƙananan yara masu aiki tun asuba har dare. Doka kuwa akwai ta, gama tun 1802 aka kafa wata domin kāre yara masu koyon sana'a a masaƙu. Sai dai an bar duba ta a hannun alƙalan yanki, waɗanda sau da yawa abokan masu masaƙun ne, don haka ta zauna a takarda kawai.

A 1833 ya ɗauki wannan magana a majalisa. Dokar da ta fito a shekarar ba ta kai abin da ya nema ba, amma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba, ta kuma kawo sabon abu: an naɗa sufetoci huɗu, ma'aikatan gwamnati, masu ikon shiga masaƙa su bincika, su kai mai laifi gaban shari'a. Huɗu sun yi kaɗan ƙwarai, amma daga ranar mai masaƙa ya daina zama alƙalin kansa.

A 1840 ya sa aka kafa hukumar binciken aikin yara. Masu binciken suka sauka cikin ramukan haƙar kwal, suka ji ta bakin yaran da kansu. Rahotonsu na 1842, mai ɗauke da zane-zanen yara suna jan kekunan kwal da rarrafe cikin duhu, ya girgiza ƙasar. A shekarar aka hana mata, da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma, aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Ya gāji sarautar mahaifinsa a 1851, ya tarar manoman da ke zaune a gonakin gidansu suna kwana a ɗakunan da ba su dace da mutum ba. Daga baya wakilin da ya amince wa kan gonakin ya cuce shi shekara da shekaru. Ashe ko gidan mai kirki yana bukatar idon wani.

Yaƙinsa mafi tsawo shi ne na yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share. An hana wannan a 1840, aka sake hanawa a 1864, amma aka ci gaba, domin ba a ɗora wa kowa alhakin tabbatar da hanin ba. A 1875 wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya mutu bayan ya maƙale a bututu kusa da Cambridge. Shaftesbury, yana da shekara 74, ya sake tashi. Dokar shekarar ta tilasta wa masu sana'ar karɓar lasisi daga 'yan sanda, sa'an nan al'adar ta mutu.

Ya shugabanci ƙungiyar makarantun yara matalauta tun daga 1844, a 1884 kuma ya zama shugaban ƙungiyar hana zaluntar yara ta Landan. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba, 1885. Ranar jana'izarsa talakawa suka yi jerin gwano a tituna domin yi masa ban kwana.

Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, amma tambayar da Shaftesbury ya rayu a kanta tana nan: wa ke zuwa ya duba? A unguwa kamar Tudun Wada ta Minna akwai 'yan mata da aka kawo daga ƙauye aikin gida, a wasu sassan Jihar Neja kuma akwai yara a ramukan haƙar zinariya. Haka nan akwai gidajen marayu da makarantun kwana, har da na ikkilisiyoyi. Ya kamata kowane irin wannan gida ya buɗe ƙofa ga masu duba waɗanda ba sa cin albashi a hannun mai gidan, su zo ba tare da sanarwa ba, su duba littattafan kuɗi, su zauna da yara ba a gaban masu kula da su ba. Iyaye ma, kafin su miƙa ɗansu ga wani, su tambayi wanda ke leƙa wurin, da wanda yaron zai kai wa kuka. Mai riƙon amana na gaskiya ba ya jin tsoron a ƙirga abin da aka ba shi.