Shata da Masu Ajiye Faifai

Yau zan ɗan taɓo tarihin Alhaji Mamman Shata, domin rayuwarsa ce ta fahimtar da ni dalilin da ya sa har gobe wasu ke tara faifan garmaho da tsofaffin kaset.

An haifi Shata a Musawa, cikin jihar Katsina ta yanzu, a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya so ya tsaya ga noma da fatauci. Shata ya taɓa tallan goro, amma waƙa ta rinjaye shi. Daga dandalin samari da 'yan mata ya faro, da kalangu, har ya kai ga waƙe sarakuna irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da attajirai, da direbobi, da manoma. Hatta kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969 sai da ya samu waƙa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura.

To ga inda gizo ke saƙa. Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙirƙira, a gidan biki ko a fada, kuma in ya sake rera ta gobe sai ka ji baitoci sun sauya. Duk wadda ba a naɗa ba ta bi iska. Abin da ya rage mana shi ne wanda kamfanin EMI ya buga a faifai, da na gidajen rediyo irin na Kaduna, da kaset ɗin da mutane suka naɗa da rikodarsu. Ko Bakandamiya ba iri ɗaya ba ce, kowane naɗi da ɗanɗanonsa.

Wasu za su ce ai komai na YouTube. Amma waɗanda suke can, daga hannun wa suka fito? Wani ne ya adana faifai shekara arba'in, ya kare shi daga rana da ƙura.

Shi ya sa nake ganin tara faifai bai zama aikin banza ba. In akwai tsohon kwali na kaset a ɗakin Baba, don Allah kada a zubar. A nemi mai mayar da su cikin kwamfuta tun zaren bai ruɓe ba.

Allah ya jiƙan Shata.